Ɗumin Akwatin Tungar Ƙirya

Ruwan ya zo da tari, kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana. Bututun ya yi kakari, ya tofar da iska da jar ƙasa, sannan ya saki ruwa fari tas a cikin kwamin siminti da aka gina wa shanu. Matan Tungar Ƙirya suka rangaɗa guɗa. Ba su kai ƙarshenta ba ruwan ya ɗauke. Guɗa ɗaya ta rage a sama ita kaɗai, mai ita ta yi sauri ta rufe baki da gefen mayafi.

Ba wannan ne karo na farko ba tun hantsi. Duk sa'ad da aka kunna, ruwa zai zo, amma kafin mai alwala ya gama wanke fuska ya riga ya tsaya.

Maccido yana zaune a kan buzunsa a gindin ƙirya, sandarsa a gicciye bisa gwiwa. Ba bututun yake kallo ba. Wani ƙadangare yake kallo a jikin ginshiƙin tanki, mai wutsiya biyu, ɗaya doguwa ɗaya guntuwa. Shi mutum ne da abin da ya saɓa wa saura ke ɗauke masa hankali. A jakarsa akwai dutse mai huda a tsakiya, da ƙahon tunkiya da ya murɗe baibai, da ƙwallon goruba mai kama da kan jariri. Amma ko yanzu da yake kallon ƙadangaren, gefen idonsa yana kan saurayin da ke durƙushe a gaban akwatin ƙarfe a ƙarƙashin faifan sola, da kwamfuta a buɗe bisa cinya.

Saurayin shi ne Armiya'u, ɗansa na fari.

A gidan su Maccido uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya ɗaukarsa, ba ya yabonsa, ba ya nuna a gaban mutane cewa ya san da zamansa. Haka kakanni suka yi, haka aka tarar. Ana yaye yaron aka miƙa shi ga kawunsa da ke lodin kaya a Kaura Namoda, kusa da tsohuwar tashar jirgi. Can ya yi boko, can ya fara kwance rediyo yana mayarwa, har ya kai ga ƙera ƙananan alluna masu tunani irin wanda ke cikin akwatin nan. In ya zo Tunga hutu, Maccido yakan ce, "Wanga yaro ya ci abinci?" yana tambayar bango.

Kowa a Tunga ya san cewa wani kamfanin mitar wuta ya kira Armiya'u Legas, kuma motar gobe zai bi. Kowa kuma ya san abin da ya faɗa wa ƙanwarsa Zubaida: da Baffa, wato mahaifinsu, zai ce ya zauna, da ya zauna. Akwai shagon da ya gani a Kaura, akwai rijiyoyin sola daga Shinkafi har Zurmi da ke mutuwa babu mai duba su. Kalma ɗaya yake so. Zubaida ta kai saƙon lokacin da Maccido ke ɗaure maraƙi. Ya saurare ta har ta gama, ya juya igiyar a hannunsa, ya ce, "Igiyar nan ta tsufa."

"Kai, Bafillace!" Jabir maƙeri ne ya taho yana share gumi da hula. Shi ya ƙera akwatin ƙarfen, kuma tun suna samari shi da Maccido ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. "Wanga ai ruwan Fulani ne. A nuna maka, a ɓoye. Haka kuke yi da nono ranar kasuwa."

"Akwatinka ne, Jabir," in ji Maccido. "Abin da maƙeri ya taɓa sai addu'a."

"Akwatina lafiya lau. Na cikinsa ne ya gado rowa."

Dattawan da ke zaune a inuwa suka yi dariya. Maccido ya murmusa, amma yatsunsa sun ƙara damƙe sandar.

Can sai Armiya'u ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya dafe goshi. Ya daɗe yana kallon rubutun da ke gudu a fuskar kwamfutar, fari a kan baƙi, kamar jerin tururuwa. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya matso inuwar ya tsuguna.

"Jabir," in ji Maccido, idonsa a kan ƙadangare, "tambaye shi mi ya gano."

"Ga shi nan gabanka, taku biyu. Ko kurma ne?"

"Tambaye shi dai."

Jabir ya juya da fuskar wasa. "To, injiniya, wai tsohon nan na tambaya, mi ka gano?"

Armiya'u ya ciro wani allo daga aljihu, irin wanda ke cikin akwatin, bai wuce tafin hannu ba. Ya nuna wani baƙin abu a gefensa, ƙanƙane kamar kaska.

"Baba Jabir, ka ga wannan? Regileta ke nan. Ita ke karɓar wuta daga batir ta raba wa kowa gwargwadon cikinsa. Tana da ƙofofi da yawa. Ƙwaƙwalwar allon wutar bolt ɗaya da ɗigo takwas take sha. Katin ajiya uku da ɗigo uku. Makunnin da ke tada famfo shi kuma biyar. In ka ba wani fiye da rabonsa ya ƙone, in ka rage masa ya suma."

"Kamar raba dusa ga tumaki," in ji Jabir.

"Kusan haka. To a cikin allon akwai babban shiri da ake ce wa kenel. Shi ne maigidan. In ya farka yakan tarar da ƙofofin wuta a buɗe. Ba ya taɓa su nan take. Yakan ɗan jira, don kowane sashe yana da nasa ɗan rubutun da ke magana a madadinsa, direba muke ce masa. Direban kati zai zo ya ce, ƙofa kaza tawa ce. Na ƙwaƙwalwa ya zo ya kira tasa da suna. In an gama, sai maigidan ya zaga. Duk ƙofar da ba wanda ya ce tasa ce, sai ya rufe ta, don kada batir ya tafi a banza."

"Ita ta famfon fa?" in ji Jabir.

"Ba ta da mai kiranta. Ban rubuta wa makunnin direba ba. A Kaura da wutar lantarkin gida nake gwada shi, shi ya sa ban lura ba. Nan kuwa, famfo na tashi, maigida na gama zagaye, sai ya rufe."

Maccido ya bar kallon ƙadangaren. Irin wannan labarin ne ke shiga masa rai. Ya manta da Jabir, ya yi tambayar a kan iska.

"Ba lalacewa ta yi ba?"

"Lafiyarta ƙalau, Baffa."

"Ba wani laifi ta yi ba?"

"Ko kaɗan. Aikinta take yi daidai. Ba wanda ya ce tasa ce, shi ke nan."

Maccido ya gyaɗa kai a hankali. Wata saniya ta sa baki a kwamin ta lashi ɗan ruwan da ya kwanta a ƙasansa, ta ɗago tana kallon mutane.

Armiya'u ya mayar da allon aljihu. Ya gyara tsugunno, ya fuskanci mahaifinsa sosai, abin da ba ya yi, ko da yake idonsa a kan buzun ya tsaya.

"Baffa, gyaran iri biyu ne. Akwai na sauri. Layi ɗaya zan ƙara a inda aka bayyana wa kenel sassan allon, in ce wannan ƙofa a bar ta a kunne kullum, ko da mai ita ko babu. Yanzu ruwa zai zo. Amma za ta riƙa shan batir dare da rana. In damina ta yi, ranar da hadari ya rufe, allon ba zai farka ba sai rana ta ɗaga."

"Na biyun fa?" in ji Jabir.

"Na biyu shi ne na gaskiya. In rubuta wa makunnin direbansa, ya riƙa kiran ƙofar da sunanta in yana bukata, ya sake ta in ya gama. Wannan sai na zauna. Sai na ga damina da shi, na ga yadda yake yi da hadari. Su kuma can Legas ba za su jira ni ba."

Zubaida tana tsaye a bakin kwami da bokiti a hannu, ta ƙi ajiye shi.

"Rijiyar ta Tunga ce," in ji Armiya'u. "Kai ne babba, Baffa. Wanda ka zaɓa shi zan yi."

Jabir ya sunkuyo kusa da kunnen abokinsa. Babu wasa a muryarsa, abin da Maccido bai taɓa ji ba. "Ka ce a yi mai kyau. Maganar rijiya ce. Ba wanda zai ce komi."

Maccido ya san haka ne. Ya kuma san ba haka ba ne. Ga Ardo can a zaune, ga dattawan da suka binne 'ya'yansu na fari ba su zubar da hawaye a gaban kowa ba. Kowannensu ya san abin da ake tambaya a ƙarƙashin maganar rijiya. Gobe a kasuwa za a ce Maccido ya riƙe rigar ɗan fari a bainar jama'a. Wani tunanin kuma ya zo ya tsaya a kan wannan: shi da bai goya ba, bai saya masa ko fensir ba, da wane baki zai tare masa hanya? Kalmar tana nan a kan harshensa. Ya nemi ƙadangaren da ido, ya ga ya shige bayan ginshiƙi.

"Jabir," ya ce, "gaya wa wanga yaro mata na jiran ruwa. Shi yi na sauri. Ba a tsare mutum da hanyarsa."

Jabir bai isar da saƙon ba. Ya mayar da hularsa kai, ya tafi wajen akwati kamar zai duba walda.

"To, Baffa," in ji Armiya'u.

Ya koma ya durƙusa. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Kalmomi uku na Turanci ya buga, ya haɗa su da 'yan sanduna, ya rufe da ɗigo. Ya kashe allon ya sake kunnawa. Bututun ya yi tari, ruwa ya zo. Maccido ya yi alwala a zuciyarsa: hannu, baki, hanci, fuska. Ruwa na zuba. Damtse, kai, kunne, ƙafa. Ruwa na zuba. Ya sake wata alwalar tun daga farko, a hankali, kamar mai ba ruwan dama ya sake tunani. Bai tsaya ba. Wannan karon guɗar ta kai ƙarshenta, yara suka faɗa kwami da riguna, shanu suna ture su.

Zubaida ta cika bokitinta ta wuce ta gaban mahaifinta ba ta dube shi ba.

Washegari da hantsi mai babur ya zo daga Sakajiki don ya kai shi mota. Armiya'u ya zo ya tsuguna a bakin garke, jakarsa a baya. Maccido yana cire wa wani maraƙi kaska a kunne.

"Baffa, zan tafi."

"Allah shi kiyaye hanya."

"Amin. Akwatin zai riƙa yin ɗumi ta gefen hagu. Kada a damu, ba cuta ba ce. Ƙofar nan ce da na bari."

"To."

Armiya'u ya ɗan ƙara jira. Maraƙin ya fizge kai, Maccido ya kamo shi ya ci gaba da duba kunnen da babu sauran kaska a cikinsa. Da ƙarar babur ta yi nisa, ya sa hannu a jaka ya taɓa dutsen nan mai huda. Tun jiya ya yi niyyar ba Zubaida ta sa masa a kaya. Ya bar shi a inda yake.

Ƙadangaru ne suka fara gane maganar ɗumin. Da ruwan farko ya sauka, safiya ta fara sanyi, sai aka riƙa ganinsu jere a gefen hagu na akwatin, cikinsu manne da ƙarfe, ido a lumshe. Mai wutsiya biyu ya kori kowa daga wuri mafi ɗumi ya mai da shi nasa. Daga baya wata kaza ta kawo 'ya'yanta ƙarƙashi. Daga bayan kaza sai Maccido. Ya ɗauke buzunsa daga gindin ƙirya ya dawo da shi gindin tanki, ya ce wai daga nan ya fi ganin shanu.

In ya idar da sallar asuba yakan zo ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen. Ɗumin ba mai yawa ba ne. Kamar na goshin yaro mai barci yake, ko na wurin da wani ya tashi yanzu. Yakan yi mamakin abin: a cikin akwatin nan akwai wata 'yar ƙofa a buɗe, tana ta miƙa wuta cikin duhu, famfo na barci, kowa na barci, ba mai karɓa.

Abin da Armiya'u ya faɗa kuma ya tabbata. Ranar da hadari ya kwana, batir yakan wayi gari a mace. Mata su jera bokitai tun sassafe, su zauna a kansu har rana ta ɗaga, ana ta tsaki. Wata ta ce da ma an bar yaron ya yi aikin ƙwarai. Wata ta taɓa ta, ta nuna mata tsohon da baki. Zubaida kuwa, bokitinta ya fi na kowa ƙara in ta dire shi.

"Ka ga aikinka, Bafillace," in ji Jabir wata safiya. "Ka sayar da ɗa ka sayi ƙadangaru."

Maccido bai rama ba. Jabir ya jira ramuwar, da ta ƙi zuwa ya zauna kusa da shi.

Armiya'u yakan kira wayar Zubaida ranar Juma'a. Sai ta hau tudun bayan garke inda sabis ke kamawa, ta ƙara muryar yadda za ta kai gindin tanki. Maccido yana jin komai: cunkoson motoci, ruwan da ke shiga ɗaki, abincin da ba shi da nono. In ta ce, "Baffa, ga shi," sai ya ɗaga hannu. "Ki ce mai, shanu lafiya." Bayan kaka labari ya zo cewa kamfanin zai tura shi wata ƙasa a ƙetaren teku, ya koyo aiki, ba a faɗi ranar dawowa ba. Ranar Maccido bai ci tuwon dare ba, ya ce haƙori ke damunsa.

Damina ta biyu tana ƙaratowa wata mota ta tsaya a bakin rijiya da tsakar rana. Ranar kasuwar Shinkafi ce, Tunga ta watse, Jabir ya kai lauje da fartanya, Zubaida ta kai man shanu. Wata matashiya ta fito da jakar kwamfuta, ta durƙusa ta gaishe da Maccido. Ta ce sunanta Laila, ƙungiyar da ta haƙa rijiyar ce ta turo ta, tana zagaya akwatuna tun daga Zurmi kafin ruwa ya sauka.

Ta kori ƙadangarun da gefen hijabi, ta buɗe akwatin, ta jona waya. Ta daɗe tana karatu.

"Baba, wanda ya haɗa wannan ya iya aiki. Dubi yadda ya kafa wa kowace ƙofa iyakarta, sama da ƙasa, ba wadda za ta wuce rabonta. Amma ya bar ɗaya a kunne. Ba ku shan wahala da safe?"

"Ana sha."

"Masu haɗa mana allunan nan kowa da inda yake ajiye aikinsa a intanet, da sunansa ake nema. In na samu nasa, wataƙila akwai gyara. Wa ya haɗa?"

"Wani yaro ne."

"Ya sunansa?"

Maccido ya waiga hagu, ya waiga dama. Babu Jabir, babu Zubaida, ko yaro mai kiwo babu. Sai kaza.

"A Kaura ya tashi. Wajen kawunsa."

"Baba, ai yara da yawa sun tashi a Kaura." Ta yi dariya, sannan ta dubi fuskarsa, ta dubi sandar da hular, dariyar ta koma murmushi. "Af. Ɗan fari ne ko? Yi haƙuri, Baba. Kakata ma haka take yi da babana. Bari in jira wani ya dawo daga kasuwa, ba sauri nake ba."

Ta juya ga kwamfutarta. An ɗauke masa nauyin ke nan, ba wanda ya matsa masa. Iska ta kaɗa ganyen ƙirya. Maccido ya dubi gefen hagu na akwatin, inda cikin ƙadangaru ya goge fentin har ƙarfe ya fito.

"Armiya'u," ya ce.

Sunan ya fito da tsatsa, kamar ƙofar rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba. Rabonsa da shi tun safiyar da ya raɗa wa liman a kunne, ana yanka rago a waje. Ya ji shi a bakinsa, ya ga ashe ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Armiya'u Maccido," ya sake cewa, ko da ba a tambaye shi ba.

Laila ba ta ɗago ba, ta yi masa wannan karar. Ta hau tudu da kwamfutar, ta ɗan jima, ta dawo.

"Ga shi kuwa. Ya rubuta direban. Ya daɗe da gamawa, tun farkon daminar bara, ba a dai samu mai zuwa ya saka ba ne."

"Daga can ya rubuta?"

"Daga ko'ina ana iya yi, Baba. Ga mai hannu irin nasa wannan ai aikin 'yan kwanaki ne."

"Ya ce sai ya zauna ya ga damina da shi."

Laila ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta fasa. Ta dubi allon, ta dubi tsohon, ta shiga gyara wayar da ba ta karkace ba.

Maccido ya sunkuyar da kai. Ashe igiyar da yaron ya miƙo masa ranar nan, shi ya ƙara mata tsawo da hannunsa, don tsoho ya samu inda zai kama ba tare da an ga ya kama ba.

"In na saka, akwatin zai daina ɗumi," in ji Laila. "Makunnin zai kira wutarsa in zai yi aiki, in ya gama ya sake ta. Batir zai kwana da rai."

"Ba a iya barin ɗumin?"

"Ana iya. Amma mata za su ci gaba da jira."

Ya dubi bakin kwami, inda gindin bokitai ya bar zobba a jere cikin busasshen laka.

"Saka," ya ce.

Hadarin farko ya kwana a kansu ran Alhamis. Da gari ya waye, tun rana ba ta fito sosai ba, allon ya farka, yana jiran haske kaɗan ya tada famfo. Mata suka ɗebi ruwa suka watse da wuri, ba tsaki, ba zama a kan bokiti. Maccido ya zo da buzunsa. Ya ɗora hannu a gefen hagu. Ƙarfe ne kawai, da raɓa a kansa.

Zubaida ta sauko daga tudu da gudu-gudu, waya a hannu. "Baffa, ga shi," ta ce, kamar kullum, tana shirin juyawa. Sai ya miƙa hannu. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta sa masa ita a tafi, ta ja baya.

"Baffa?" Muryar ta zo daga nesa, tana yankewa tana dawowa. "Baffa, kai ne?"

Sunan ya taso har bayan haƙoransa. Ya san hanyarsa yanzu, ya faɗa wa baƙuwa har sau biyu. Amma ga Zubaida a tsaye, ga Jabir can yana tahowa da hula a karkace, ga Ardo a bakin masallaci.

"Akwatin ya huce," in ji Maccido.



"Haka ya kamata, Baffa. Ya yi daidai ke nan."

"To. Madalla."

Ya miƙa wa Zubaida wayar. Mai wutsiya biyu ya gangaro daga ginshiƙi, ya hau akwatin, ya kwanta a wurinsa na kullum. Ya ɗan jima, ya ɗaga kai ya gyaɗa, ya matsa gaba ya sake gwadawa. Sannan ya sauka, ya ja wutsiyoyinsa ya nufi katangar masallaci, inda rana ta fara taɓawa.